Yadda za ka dasa bishiya a ƙofar gida kuma ta rayu

Jama'a zafin Maris da Afrilu a Zariya ya isa haka, rimayen da aka san garin nan da su sai raguwa suke, ga masu gawayi kullum cikin sara. To ga yadda ake dashen.

Na farko, ka bari sai damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Ruwan farko mayaudari ne, yana iya ɗaukewa.

Na biyu iri. Darbejiya ba ta da laulayi, mangwaro kuwa ga inuwa ga 'ya'ya, amma ka nesanta su da katanga da masai don saiwa ɓarna gare ta.

Na uku ka haƙa rami zurfin gwiwa, ka cuɗa ƙasar sama da busasshen kashin shanu, ban da ɗanye don ƙone saiwa yake, ka ɗan barbaɗa toka saboda gara.

Na huɗu ka yage ledar da ƙaramar bishiyar take ciki a hankali kar ƙasar ta watse, ka sa ta a ramin, ka rufe, ka danna, sai ruwa. Ledar kuma kar ka jefa kwata don Allah.

Na biyar, nan ne ake faɗuwa wallahi, awaki. Ka kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo tun ranar, in ka ce sai gobe akuyar maƙwabta ta riga ka. In hunturu ya shigo ruwan alwala ma ya isa, kullum da yamma, a ɗora aikin a kan yaro guda a layin.