Taurin Ran Jaruman Gem: Inda Masu Musu Ke Kuskure Wajen Auna Shi

Musun wane jarumin gem ya fi wani taurin rai ba ya ƙarewa, domin kowa da ma'aunin da ya riƙe. Wannan yana kawo hujja daga bidiyon labari, wato guntayen fim ɗin da gem ke nunawa kana zaune ba ka danna komai. Wancan yana kawo tasa daga cikin wasa, inda jini ke raguwa yana dawowa a gefen allo. Waɗannan biyun ba don abu ɗaya aka yi su ba. Marubucin labari so yake abin ya taɓa maka zuciya. Mai tsara wasa kuwa so yake ka sha wuya daidai misali, kada ta yi yawa ka kashe na'ura ka tashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar layin jini tamkar nama da ƙashi. Mutum ya ga jarumi ya sha harsashi goma bai faɗi ba, sai ya yanke hukunci cewa harsashi ba ya cin sa. Layin nan lissafi ne kawai na yawan kuskuren da aka yafe wa mai bugawa kafin a mayar da shi baya. A 2018 wani mai zanen motsi a kamfanin Naughty Dog, Jonathan Cooper, ya bayyana cewa jan da ke rufe allo a Uncharted ba raunin jarumin gem ɗin, Nathan Drake, ba ne, sa'arsa ce ke ƙarewa, kuma harsashin ƙarshe ne kaɗai ke samun sa da gaske. Amy Hennig, wadda ta jagoranci gem ɗin na farko, ta tabbatar da haka. A Assassin's Creed na 2007 ma layin ba jini yake nunawa ba, yana nuna yadda wasanka ya yi daidai da abin da jarumin, Altair, ya yi a tarihinsa. Saboda haka kafin ka kafa hujja da layin jini, bincika abin da gem ɗin da kansa ya ce layin yana nufi. Idan bai ce komai ba, ajiye hujjar a gefe har sai labari ya goyi bayanta.

Daga nan ne wani kuskuren ke tsirowa: gwada lambobin gem biyu. Steve na Minecraft jininsa 20 ne, Cloud na Final Fantasy VII yana kaiwa 9,999. Wannan bai nuna Cloud ya ninka Steve sau ɗari biyar ba, kamar yadda mai naira dubu bai fi mai dala ɗari kuɗi ba. Lambar tana da ma'ana ne a cikin gem ɗinta kawai, idan an haɗa ta da yawan abin da bugu ɗaya ke cirewa. Ko a cikin gem ɗaya ma sai an yi hattara. A Pokémon, Rattata, wani ƙaramin ɓera, mai mataki 1 yana iya kayar da Mewtwo, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi, mai mataki 100: Focus Sash ya bar masa jini 1 bayan bugun farko, Endeavor ya sauko da jinin abokin gaba zuwa 1, sannan Quick Attack ya riga shi kai bugu. Dabarar tana aiki sarai, amma abin da ta nuna shi ne yadda dokoki uku suka haɗu, ba ƙwarin jikin ɓera ba.

Wasu kuma kyan hoto ke ruɗar su. Misalin da ya fi shahara shi ne Supernova, harin Sephiroth, babban abokin gaban Cloud, a faɗan ƙarshe na Final Fantasy VII na 1997. A bugun da aka fitar wajen Japan, ana nuna wani abu ya keto sararin samaniya, ya ragargaza duniyoyi, ya faɗa cikin rana, rana ta kumbura ta cinye su Cloud. Mai musu sai ya ce ai ga shi nan, Cloud ya jure fashewar rana. To amma duba abin da harin ke yi a lissafi: yana cire kashi 15 cikin 16 na jinin da ya rage, don haka ba ya iya kashe kowa ko da mutum na gab da faɗuwa. Sephiroth yana iya maimaita shi a faɗa ɗaya, duniyoyin da suka farfashe su sake farfashewa. Bayan faɗan kuma duniya tana nan yadda take. Gwaji uku ke nan da za ka yi wa kowane hari mai ban tsoro: shin ɓarnar ta tsaya bayan faɗa, shin wani a labarin ya ambace ta, shin wani abu yana canzawa idan aka maimaita ta. Wanda ya faɗi a ukun ado ne.

Akasin wannan shi ma kuskure ne, kuma masu ganin sun waye su suka fi yin sa. Su a wurinsu duk abin da bidiyon labari ya nuna shi ne gaskiya, abin da ya faru cikin wasa kuwa shirme ne. Ba haka abin yake ba. Bidiyon labari ma yana da nasa son rai: idan labari na buƙatar mutum ya mutu, zai mutu, idan yana buƙatar ya tsira, zai tsira ko gini ya rufto masa. A Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009, Janar Shepherd ya kwantar da Roach, sojan da kake bugawa da shi, da abokinsa Ghost da harsashi ɗaya-ɗaya na ƙaramar bindiga, alhali mintuna kaɗan kafin nan kana shan ruwan harsashi, ka laɓe bayan itace, ka warke. A nan bidiyon ne ya fi gaskiya, domin ko'ina a labarin an nuna su a matsayin sojoji 'yan adam, kuma Roach ya riga ya jikkata kafin harbin. Amma a Resident Evil abin ya juya. Ethan Winters yana zuba ruwan magani a raunukan da suka isa su kashe mutum, har hannunsa da aka sare ya mayar ya manne a Village na 2021. Shekaru ana yi wa irin wannan warkewar dariya a matsayin sakarcin gem, sai Village ya bayyana cewa Ethan ya mutu tun a gidan su Baker na gem ɗin da ya gabata, wani naman gwari da ya mamaye jikinsa ne ke riƙe da shi. Wanda ya yi watsi da abin da ya gani cikin wasa ya rasa babbar shaida. Hanyar da ta fi ita ce ka nemi inda ɓangarorin biyu suka yarda da juna, ka fara gini daga nan.

Akwai kuma tambayar da ba ta tsufa: me ya sa ba a tashi Aerith, abokiyar Cloud da aka kashe a labarin Final Fantasy VII, da Phoenix Down, maganin tayar da wanda ya faɗi, ba? Amsar tana cikin bambancin suma da mutuwa. Wanda jininsa ya ƙare a faɗa ya faɗi ne, bai mutu ba, kuma maganin nan na wanda ya faɗi ne. Final Fantasy V na 1992 ya riga ya nuna wannan a fili: da Galuf ya faɗi bayan karawarsa da Exdeath, abokansa sun gwada tsafin warkarwa, sun gwada Phoenix Down da Elixir, babu wanda ya yi aiki.

Matakin wahala ma yana yaudarar mutane. Kratos da ya riƙe yatsun ƙaton nan Cronos suna neman murƙushe shi a God of War III, shi ne ƙananan abokan gaba da ake kira draugr ke kashewa da bugu kaɗan a gem ɗin 2018 idan ka zaɓi mataki mafi tsanani. A Devil May Cry 3 ana soke Dante da lauje da yawa a bidiyon farko yana ci gaba da harkarsa, amma a yanayin Heaven or Hell bugu ɗaya ke kashe shi. Jarumin bai canza ba, lamba aka juya. Duk abin da ke canzawa idan ka shiga saituna, fitar da shi daga lissafi gaba ɗaya. Haka ma mutuwar da aka dasa don tsare iyakar taswira: Tommy Vercetti na nutsewa da zarar ya faɗa ruwa a Grand Theft Auto: Vice City na 2002, CJ na iyo a San Andreas bayan shekara biyu. Mutanen Skyrim da ake buƙata a labari kuwa durƙusawa kawai suke yi su miƙe, komai saran da suka sha, don kada aikin da aka ba ka ya lalace.

Sai raba jiki da kayan da ke jikin. A farkon Halo 3 Master Chief ya faɗo daga sararin samaniya cikin dajin gabashin Afirka ya rayu, amma sojojin da suka same shi sun faɗa da bakinsu cewa sulkensa ya ƙulle kuma mai yiwuwa shi ya shanye yawancin bugun. Idan musun a kan Chief da sulkensa ne, hujjar ta zauna. Idan a kan jikinsa ne, ba ta zauna ba. Ku daidaita wannan tun kafin a fara, tare da wane gem ake nufi a jerin, domin jarumi ɗaya yakan bambanta daga fitowa zuwa fitowa.

Wuraren da ake ce maka danna madanni da sauri su ne suka fi wuyar yanke hukunci, tunda rabi wasa ne rabi labari. Ka'idar da ta fi aiki ita ce: idan ba yadda za a yi labari ya ci gaba sai abin ya faru, a lissafa shi, mutuwar da kake yi idan ka kasa dannawa ba a lissafa ta. Chris Redfield ya naushi ƙaton dutse cikin dutse mai aman wuta a Resident Evil 5 na 2009, dole ne kowane mai bugawa ya yi, sannan bayan shekara goma sha biyu Heisenberg, ɗaya daga cikin abokan gaba, ya yi masa gori da wannan naushin a Village. Wannan ya shiga lissafi. Kwanyar da ake fasawa a hare-haren X-ray na Mortal Kombat mutum ya tashi ya ci gaba da faɗa kuwa ba ta shiga, domin zaɓin mai bugawa ce, kuma labarin gem ɗin bai taɓa tafiya a kanta ba.