Babi na 6: Ragon Yaro da Littafin Lissafi

Darasi na 1: Jan layi

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Mu nan Mai Wurno, a ƙasar Sudan, mun saba a ɗaure wa yaro ɗan rago a ce nasa ne. Shi zai yanko ciyawa, shi zai ɗebo ruwa, ko sanyin asuba ya hana kowa fita dole ya fita, domin rago bai san gajiyar mai shi ba. Abin da ya rage mana shi ne rubutawa, don ranar kasuwa yaro ya san ko ya ci riba.

Ɗauki littafinka. Buɗe shi yadda bakinsa zai kalli dama, ba kamar littafin Larabci ba. Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Ka sami gida uku ke nan. A na hagu rubuta RANA, a na tsakiya ABU, a na dama KUƊI. Daga hagu ake farawa. In layin ya karkace ba komai, hannu zai saba.

Darasi na 2: Lambar da ke ba mu wahala

A nan kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe. A kasuwar Sinnar mai dusa zai ce maka da Larabci "hamsa wa ishirin". Kunnenka ya fara jin biyar, sai hannunka ya fara rubuta 5, ya bi shi da 2. Ka rubuta 52 ke nan, alhali 25 ake nufi. Maganin abin, kafin ka sa alƙalami, faɗi lambar da Hausa: ashirin da biyar. Me ka fara faɗa? Ashirin. To 2 ne farko, a hagu, sannan 5.

Mu sake. Buhun ambaz, wato tunkuzar gyaɗa, kilo talatin da bakwai. Faɗa da Hausa. Talatin ne farko: 3, sannan 7. Ya zama 37. Nauyin rago kilo arba'in da ɗaya. Faɗa da Hausa tukuna. 4, sannan 1. Madalla. Wadda ta ɓata, ki goge a hankali, babu kunya a ciki.

Ga wata kuma. Biyar ta Larabci zagaye ce kamar ƙwai, amma a boko wannan zagayen sifili ne. In ka ga 20, ashirin ne, ba ashirin da biyar ba.

Sake ɗaya: sittin da biyu. Kada ka rubuta sai ka faɗa da Hausa. Na ga waɗansu sun riga ni, sun rubuta 26. Haba jama'a! Mako uku muna kan wannan. Wanda yake gaggawa a nan, ɗansa zai cuta, don yaron zai ɗauka ya yi asara alhali riba ya ci. 6 ne, sannan 2.

Darasi na 3: Ranar kasuwa

Gab da Babbar Salla, bari yaron ya ja igiyar da kansa. Ko ragon Hamari ne ko Kabbashi, irin tumakin yankin Kordofan, dillali zai buɗe baki ya duba haƙora. Manyan haƙora biyu a gaba suna nuna rago ya haura shekara. Zai taɓa gadon baya da gindin wutsiya. Koya wa yaro ya faɗi aibi da bakinsa, domin mai ido ɗaya, da gurgu, da mai ciwo bayyananne, da ramamme ba sa yin layya. In ya yi kuka da aka tafi da ragon, ƙyale shi, wata biyar ko shida yana ciyar da shi. Da kun dawo ku rubuta kuɗin tare, a faɗa da Hausa tukuna.

Darasi na 4: Riba

Tara duk abin da kuka kashe da ke gidan KUƊI, har da kuɗin sayen ragon. Cire shi daga abin da aka biya ku. Abin da ya rage na yaro ne.

Darasi na 5: Aikin gida

Rubuta abin da aka kashe wa rago na kwana bakwai. A zo da littafi ranar Asabar.