Idan manhajar zane tana rufewa a kwamfutar kwaikwayo

Idan Photoshop ko AutoCAD yana rufe kansa a cikin VirtualBox ko VMware (manhajojin da ke ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfutarku ta gaske), ku fara kashe amfani da katin hoto a cikin manhajar kafin ku ɓata yini kuna sake girka ta.

Dalili shi ne manhajar ba ta ganin ainihin katin hoton kwamfutarku. Wani katin kwaikwayo take gani, wanda ke miƙa umarninta ga na gaske, kuma da zarar ta nemi wani aikin OpenGL ko DirectX (hanyoyin da manhaja ke magana da katin hoto) da katin kwaikwayon bai iya ba, sai allo ya yi baƙi ko ta fita ba sallama.

A Photoshop, ku shiga Preferences, sannan Performance, ku cire alamar da ke kan Use Graphics Processor. A AutoCAD kuwa, umarnin GRAPHICSCONFIG ne ke kai ku wurin. In ma ya ƙi buɗewa sam, ku ƙara /nohardware a ƙarshen adireshin da ke cikin gajeriyar hanyarsa (shortcut). Wannan ne ya cece ni ranar da taga take ɓacewa tun kafin in taɓa linzami.

Bayan haka ku sabunta Guest Additions na VirtualBox ko VMware Tools, wato ƙarin manhajojin da ake girkawa a cikin kwamfutar kwaikwayon, domin direban hoton yana cikinsu.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Nauyin zai koma kan furosesa, juya zane mai fuska uku (3D) zai riƙa jan ƙafa, wasu kayan aikin kuma za su dushe. Idan manhajar ta ci gaba da rufewa duk da haka, ku duba yawan RAM ɗin da kuka ware wa kwamfutar kwaikwayon.