Yadda ake neman diyya in gwamnati ta makara da dokar tsaftar abinci ta Tarayyar Turai

In kana sana'ar abinci a wata ƙasar Tarayyar Turai, gwamnati ta ja ƙafa wajen saka umarnin tsaftar abinci na Tarayyar (dokar da dole kowace ƙasa ta mayar tata kafin wani wa'adi) cikin dokokinta har ka tafka asara, to zaka iya maka ta a kotu. Fara duba wa'adin da aka ɗibar mata, in ya wuce bata yi komai ba wannan kaɗai babban laifi ne, haka kotun Tarayyar ta yanke a shari'ar Dillenkofer a 1996. Sai lauyanka ya nuna umarnin ya baka wani haƙƙi kuma jinkirin ne ya jawo asarar, gaskiya nan wahalar take, dan haka ka adana rasit da takardun duk odar da aka soke maka. A kotun ƙasarku ake shigar da ƙarar.