Kafin Ka Tura Kuɗin Gida: Matakan da Nake Bi da Mai Saye a Kano

Aikina lauya ne, kuma yawancin fayilolin da ke kan teburina na cinikin gida ne da fili. Abin da ya fi damuna shi ne mutane sukan zo ne bayan sun biya, da takardar da aka rubuta a zauren mai unguwa, suna so a "gyara musu ita". Ciniki ba ya kammala ranar da aka miƙa makulli. Sai ranar da sunanka ya shiga fayil ɗin gwamnati.

Dalili kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, amana ga jama'a. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 in fili ne na gidan zama. Gwamna ne ke ba da shi a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Saboda haka tambayarka ta farko ga dillali kada ta zama ta farashi. Ka ce masa, "Wace takarda ce da gidan?" Satifiket ɗin mallaka ne, ko takardar ba da fili, ko ta ƙaramar hukuma, ko kuwa awon igiya ne da shaidar dagaci kaɗai? Ana sayen kowanne, amma darajarsu ba ɗaya ba, haɗarinsu ma haka.

Da ka karɓi kwafin takardar, sai a nufi ofishin filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Lauyanka zai rubuta neman binciken fayil, a biya kuɗin, a ba da rahoto. Ni abin da nake dubawa: sunan da ke fayil ya dace da na mai sayarwa? An jinginar da gidan ga banki? Ana bin sa kuɗin ƙasa na shekara-shekara? Don me aka ba da filin, zama ko kasuwanci? An taɓa soke takardar? Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan sanin asalin fili. Ka kuma nemi ganin izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano. In kamfani ne ke sayarwa, a leƙa hukumar rajistar kamfanoni a ga ko ya ci bashi da gidan.

Fayil ba ya faɗin komai. Ka ɗauki safiyo ku je wurin da ƙafarku, ya nemo turakun siminti na iyaka, ya karanta lambobin da ke jikinsu, ya gwada da na taswira. Na ga gidan da katangarsa ta baya ta shige cikin lungu da taku huɗu, mai sayarwa bai ma sani ba, haka ya gada. Bayan nan ka koma kai kaɗai, ba tare da dillali ba, bayan sallar la'asar lokacin da dattawa ke zaune a dakali. Ka gaishe su, ka ce, "Baba, gidan nan na wane ne? Akwai wata magana a kansa?" Abin da za ka ji cikin minti goma wani lokaci ya fi rahoton ofis. Ka tsaya wurin mai unguwa kafin ka wuce.

Gidan gado shi ne inda nake jan ƙafa, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ne babba. Ina son ganin takardar rabon gado daga kotun shari'a, da sunayen magada duka, da sa hannun kowannensu: matan da ke gidan aure, da uwargida da amarya, da wanda ke Legas ko Saudiyya. In akwai marayu ƙanana, sai da sanin kotu da waliyyinsu. Na sha ganin an manta da 'ya mace, ko an ce "ai ta yarda" alhali ba wanda ya tambaye ta. Bayan shekaru sai ɗanta ya girma ya shigar da ƙara, kai kuma ka riga ka ɗora bene. Ban da asarar kuɗi, cin haƙƙin maraya ne da mace, kuma ba na son hannuna a ciki.

Akwai kuma shuf'a. In kana sayen rabon mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya ne ke da wannan haƙƙi, maƙwabci ba shi da shi. Wanda ke gari haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana nan da abinsa ko da ya daɗe. Gara a same su tun farko su rubuta cewa sun yafe.

In komai ya fito fes, sai batun kuɗi. Kafin alƙalami ya kasance a rubuce, da sharaɗin mayarwa in wata matsala ta ɓullo. Ka biya ta banki, cikin asusun mai gidan kansa, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. La'ada a yanke ta tun kafin a zauna. In da 'yan haya a ciki, ka san ranar ƙarewar kuɗinsu. Ɗan hayar shekara yawanci notis ɗin wata 6 ake ba shi, sai in yarjejeniyarsu ta ce wani abu daban. Ranar biya ka karɓi asalin takardu hannu da hannu, a sa hannu a kan takardar miƙa mallaka da lauya ya tsara, gaban shaidu.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, wasu ma takardar wakilci kawai suke karɓa don gudun kashe kuɗi. Cinikin biri a sama ke nan, domin takardar wakilci ba ta mayar da kai mai gida, kuma sunan wancan ne har yanzu a fayil. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar banki guda ta rushe saboda rashin amincewar. To ka nema, a kimanta gidan, ka biya kuɗin kan sarki da na rajista da duk harajin da ya hau. Wane ne zai biya wane, a rubuta shi a yarjejeniya. Yana ɗaukar lokaci, wani sa'in watanni. Ka daure ka bi shi har ƙarshe.

Mai sayarwa kuma, ka biya bashin kuɗin ƙasa kafin ka sa gida a kasuwa, kada ka saki asalin takarda sai kuɗi sun shiga asusunka, ba hoton alat ba.

Mai neman rancen gida, ko ta asusun gidaje na ƙasa da ake cirar kashi 2.5 na albashi dominsa tun dokar 1992, ko ta bankin Musulunci irin su Jaiz, ya sani banki ba ya karɓar awon igiya, sai takarda mai rajista. In kuma kana so ka ɗauke jingina daga wani banki zuwa wani, ka fara karɓar lissafin abin da ya rage a rubuce, ka duba ko akwai tarar biya kafin lokaci. Bankin farko ya ba ka takardar sakin jingina da asalin satifiket ɗinka, a kai takardar sakin ofishin filaye a yi mata rajista, sannan a nemi sabuwar amincewa don jingina ta biyu. Haka ma wanda ya gama biyan bashinsa gaba ɗaya: in bai kai takardar sakin an shigar ba, fayil zai ci gaba da nuna gidan yana hannun banki, kuma mai saye na gaba da wannan zai ci karo.