Yadda ake tattara robobin gida a unguwa don a sake sarrafa su

Kafin a rataya buhu ko ɗaya, a fara nemo wanda zai karɓi kayan. A nan masu kyakkyawar niyya da yawa suke tuntuɓe: a tara roba tsibi guda, ba mai ɗauka, daga ƙarshe a cinna mata wuta. A tambayi mai sayen irin robar da yake so, da nauyin da za a tara kafin ya turo mota.

Daga nan sai rarrabewa, kuma a nan aikin yake. Juya gindin roba, za ka ga lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, daga 1 zuwa 7. A Amurka aka fito da wannan tsari a 1988. Lamba 1 ita ce PET, wato gorar ruwan sha da ta lemo. Lamba 2 kuwa HDPE ce, irin ta jarka da robar sabulun ruwa. Waɗannan biyun ba su cika yin kwantai ba. Bokiti da murafe galibi 5 ne, leda mai laushi kuma 4, a ware mata buhunta. Wadda za a yi kaffa-kaffa da ita ita ce 3, PVC, ta bututun ruwa. Ɗan kaɗan ɗinta in ya shiga cikin PET sai ya ɓata narkin, ga hayaƙinta mai guba in an ƙona.

Kowane gida ya riƙa ɗauraye robarsa, ya bari ta tsane, ya take gorar da ƙafa ta lotse. Gora kusan duk iska ce, in ba a lotsa ta ba buhu zai cika amma sikeli ba zai motsa ba.

A tsai da rana ɗaya a mako da wuri ɗaya na tarawa, mai rufi. Rana tana sa roba ta yi rauni ta riƙa farfashewa, ruwan sama kuma in ya kwanta a ciki sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Mutum biyu su riƙe sikeli da littafi, a rubuta kilon kowane gida a gabansa, don rigimar kuɗi ta fi komai saurin kashe irin wannan aiki.

Robar maganin ƙwari da sirinji kada su shiga buhun ko kusa. Masu tsincewa su sa safar hannu, yara kuma a bar musu gorunan ruwa kawai.