Kurakuran da masu sayen tsohuwar jaket ɗin babur marar kwala suke ta maimaitawa

Kusan duk wanda ya fara sha'awar tsohuwar jaket ɗin fata ta mahaya babur, marar kwalar nan da 'yan kasuwa suke kira Cafe Racer, hanya ɗaya yake bi ya tafka asara. Ya saya saboda labarin da aka ba shi, ya kawo gida ya laɓta mata mai, sannan ya zo yana tambaya ko akwai dabara. Sau da yawa a lokacin dabara ta ƙare. Na gaji da amsa tambaya ɗaya ga mutane daban-daban, shi ya sa na zauna na haɗa kurakuran wuri guda.

Na farko shi ne yarda da cewa duk jaket marar kwala 'yar Landan ce. Sunan dai daga can ya taso. Akwai wani shagon shayi da abinci mai suna Ace Cafe a kan titin North Circular, an buɗe shi a 1938, bam ya rusa shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake gina shi a 1949. A shekarun 1950 da 1960 samari masu baburan Triumph da Norton da BSA suka mayar da shi matattara, suna tsere daga wannan shago zuwa wancan, burin kowa ya taka mil 100 a awa, wato kilomita 160 da ɗoriya. Baburan da suka rage wa nauyi don wannan tseren su aka fara kira Cafe Racer, daga baya sunan ya bi jaket ɗin. Amma ka duba hotunan zamanin da kyau. Da yawa daga cikin samarin masu faffaɗar kwala suke sanye da su, irin Bronx da kamfanin Lewis Leathers ya fitar a 1956. Marar kwalar ta fi ƙarfi a wajen masu tseren Amurka. Kamfanin Buco, wanda Joseph Buegeleisen ya kafa a Detroit a 1933, shi ya yi jaket ɗin J-100 da masu tara irin waɗannan kaya suke rububi a kanta har yau. Brooks ma a Detroit yake, Bates a Kalifoniya, Schott a New York. Dalilin cire kwalar kuwa a fili yake: mutum ya kwanta a kan tankin babur yana gudu, kwala mai faɗi sai ta riƙa dukan wuyansa da haɓarsa. Sai aka bar siririn wuya mai maɓalli, zif miƙaƙƙe a gaba, zif a bakin hannu don kada iska ta shiga. In mai sayarwa ya ɗora maka kuɗi saboda wai ta Ace Cafe ce, tatsuniya yake sayar maka.

Wasu kuma suna haɗa ta da Perfecto. Waccan ta Irving Schott ce, ta 1928, mai karkataccen zif da kwala babba. Ba jinsi ɗaya ba ne, ba farashi ɗaya ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, domin ya taɓa cinye mini kuɗin da na daɗe ina tarawa: sayen fatar da ta riga ta mutu. Na ga wata a hoto, baƙa, ta koɗe a kafaɗa da gwiwar hannu yadda ake so, tambarin kamfanin yana nan, zif ɗin asali yana nan. Mai ita ya rantse ba ta da aibu. Da ta iso na saka na miƙa hannu gaba kamar zan kama kan babur, sai na ji ƙarar yagewa a bayan hammata. Ba ɗinki ne ya kwance ba, fatar ce da kanta ta buɗe. Da na murza wurin da yatsa sai gari yake zubowa. Fatar da ta yi shekara hamsin ko sittin a ajiye cikin zafi, man da aka jeme ta da shi ya gudu, zaren jikinta ya karye, ba wani man duniya da zai mayar da ita. Mutane suna jin haushina in na faɗi haka, suna cewa ai an ce a intanet ana farfaɗo da ita. Wadda ta bushe kawai ana iya tausasa ta. Wadda ta ruɓe ta tafi ke nan.

Abin da nake yi tun daga lokacin: ba na biyan ko sisi sai na lanƙwasa fatar da hannuna a wuri uku, bayan wuya, saman kafaɗa, da ƙarƙashin hammata, domin nan gumi da rana suka fi ci. In na lanƙwasa na ga ƙananan tsagu sun buɗe baki, ko launin yana ɓarewa yana zuba, na ajiye ta komai kyanta. Sannan in ja ɗinkin a hankali, saboda zaren auduga na da yana ruɓewa tun kafin fata. In daga nesa zan saya, sai mai ita ya ɗauko mini bidiyo yana matse waɗannan wuraren da rana tsaka. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba ni amsa. Haka ma a dilar gwanjo, kada hayaniyar buɗe dila ta sa ka fizga ka biya. Araha ba ta ado.

Wani kuma da nake faɗa a kansa shi ne mai. Haba jama'a! Me jaket ɗin nan ta yi muku? Na ga wadda aka shafe da man gyaɗa, na ga ta man kaɗanya, na ga ta basilin, har da wadda aka goga wa man takalmi baƙi tun daga wuya har ƙasa, wai don ta yi ƙyalli. Man girki yana yin ɗoyi a cikin fata, yana jawo ƙura da funfuna. Mai da ya yi yawa, kowane iri ne, yana sa fata ta yi nauyi ta saki, kafaɗa ta zube, ɗinki ya yi laushi. Man takalmi kuwa yana binne koɗewar nan da shekaru suka yi, wadda ita ce rabin darajar rigar, kuma duk farar rigar da ka saka a ciki ta shiga uku. Abin takaicin, ba a iya janye mai in ya shiga. Wani yaro ya taɓa kawo mini wata ta fatar doki, irin wadda samunta sai an sha wuya, ya jiƙa ta da mai har tana naso a shafinta na ciki. Kwana da kwanaki muna shanya ta a inuwa muna goge ta da tsumma, ba ta dawo ba.

Ni dai tsarina ba yawa. Tsumma mai ɗan danshi in share ƙura, in bar ta ta sha iska a inuwa. Sau ɗaya a shekara, gab da shigowar hunturu, in ɗauki man da aka yi musamman don tufafin fata, ɗan kaɗan a yatsa, in fara gwadawa a ciki inda ba a gani. In fatar tana da laushinta, ko wannan ba na yi. Akwai masu shafawa duk bayan wata uku, su suka sani, ni ban ga amfaninsa ba.

Wajen gane shekaru ma ana yawan ruɗuwa. An ji cewa zif ɗin Talon ko Conmar ko Crown alamar tsohuwar ta Amurka ce, Lightning da Clix kuma ta Ingila, sai a tsaya a nan. To zif ana canza shi, kuma kamfanoni irin The Real McCoy's na Japan suna ɗinka sababbin Buco da kayan da suka yi kama da na da sak. Su ba su ɓoye cewa sababbi ba ne, mai sayarwa na uku ko na huɗu ne yake ɓoyewa. Ka haɗa shaidu. In adireshin da ke jikin tambarin yana da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, ba a yi ta kafin 1963 ba, domin a shekarar Amurka ta fara wannan tsarin. In akwai ɗan ƙyallen da ke bayanin yadda za a wanke ko a kula da ita, ka fi kyautata zaton bayan 1972 ce, lokacin da doka ta wajabta shi ga tufafin yadi a can. Ka duba ramukan allura a gefen zif: layi biyu na nufin an taɓa cire na asali.

Girma kuma, kada ka dogara da lambar da aka rubuta. Lamba 40 ta 1965 ta fi 40 ta yau matsewa. An yanka su gajeru, iya ƙugu, hammata a sama, hannu da ɗan tsawo saboda miƙa hannu ga kan babur. Ka sa a auna maka daga hammata zuwa hammata, da kafaɗa, da tsawon baya, ka gwada da rigar da ta zauna maka. Fata tana ɗan buɗewa a faɗi, ba ta ƙara tsawo.

Sauran a taƙaice. Kada ka rataye ta a ƙusa ko siririn waya, ka nemi maratayin katako mai faɗin kafaɗa. Kada ka ƙulle ta a leda da damina, funfuna za ka tarar. In ta riga ta kama, ruwan khal da aka sirka da ruwa a tsumma, sai inuwa. In ruwan sama ya dake ta, ba rana, ba wuta, ba dutsen guga. Injin wanki ko kusa. In ɗinki ya kwance kada ka kai wa telan yadi, kowace huda a fata ta zauna har abada. Ni baduku nake kai wa, in zauna kusa da shi ya bi tsofaffin ramukan da hannu. In dole ta sa an canza zif, ka karɓi tsohon ka adana, mai saye na gaba zai tambaya.

Masu hawa babbar hanya da ita kuma, ku sani ba ta da matashin kariya a kafaɗa ko gwiwar hannu ko baya, irin wanda ake sa wa jaket ɗin babur na yanzu, kuma zaren da ya riƙe ta ya girmi yawancinku. Ku saka ta da sanyin safiya a cikin gari. Tafiyar Kano zuwa Jos, ku nemi sabuwa mai kariya, da hular kwano.